Ƙuna a Yatsun Dipita

Ranar Talata, ƙarfe uku da rabi na yamma, na ga hannun Dipita a cikin hannun ƙanwata.

Ba labari aka ba ni ba. Na sauko daga bene ne zan ɗebo kirfa a sito, lokacin masu cin abincin rana sun watse, an kife kujeru a kan tebura, ruwan Douala yana ta dukan kwano kamar yadda ya saba. Ƙofar siton ba ta gama rufuwa ba. Ta wannan 'yar kafar na hango su zaune a kan buhunan shinkafa, Yuzhen ta riƙe yatsunsa tana hura musu iska da baki tana shafa musu magani, shi kuma yana dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar da na ɗauka ni kaɗai na san ta.

Na koma sama ba kirfa.

Dipita shi ne babban kukun gidan abincina, kuma shi ne mutumin da na rantse ba zan auri kowa ba sai shi. Yuzhen 'yar ƙanwar mahaifiyata ce, shekararta ashirin da biyu, ni ina da talatin da huɗu. Fuskarta ba ta taɓa sanin hayaƙin murhu ba, hannayenta ba su taɓa figar agwagwa ba. Ni kuwa in na miƙo nawa, kowane tabo da ke jikinsu zan iya faɗin shekarar da na same shi.

Ina da shekara ashirin da uku na sauka a garin nan daga ƙauyenmu na bayan birnin Shantou, can gabas mai nisa, da akwati ɗaya, da kwalbar romo da na naɗe cikin rigunan sanyi uku waɗanda har yau ban sa ko ɗaya ba. Romon na mahaifina ne, shi ma a hannun nasa uban ya karɓe shi. A cikinsa muke dafa agwagwa. Kullum a tafasa shi, a ƙara masa ruwa da citta da kirfa da kanumfari da baƙin ruwan waken soya, ba a taɓa bari ya ƙare. Da shi na kafa tebur a ƙofar wani shagon takalma a unguwar Akwa, ina sayar wa 'yan ƙasarmu shinkafa da agwagwa a cikin roba. Sau biyu ambaliya ta tafi da teburin, sau biyun ina tsaye cikin ruwa har gwiwa da tukunya a kaina. Daga 'yan ƙasarmu sai 'yan acaba suka fara tsayawa, daga su sai ma'aikatan banki. Yau bene ne mai hawa biyu, ma'aikata goma sha tara, sunana a rubuce da jan haske a saman ƙofa.

Shekara takwas ke nan da Dipita ya zo neman aiki. Ranar na ba shi cokali ɗaya na romon don in gwada bakinsa. Ya rufe ido ya ce akwai busasshen ɓawon lemo a ciki, wanda ya tsufa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba a duk faɗin Kamaru.

A danginmu ludayin romon ba ya shiga hannun bare. Bara waccan zazzaɓin sauro ya kwantar da ni kwana goma sha ɗaya a asibiti, ga zafin garin nan da romo yake lalacewa cikinsa a wuni guda. Dipita ya tafasa shi kullum safe da yamma, ya goge bakin tukunyar, amma bai taɓa ludayin ba, har gidan ya daina sayar da agwagwa tsawon kwanakin. Da na dawo na tarar da ludayin a rataye yadda na bar shi, igiyarsa ta yi ƙura. Na ciro shi na ɗora masa a tafin hannu. Tun daga ranar in muna mu biyu Lanfen yake kirana, Madam sai a gaban ma'aikata.

To, wannan hannun ne na gani Yuzhen tana hurawa.

Wata huɗu ke nan da Mama ta zo, bayan rasuwar Baba, ta taho da Yuzhen don ta riƙa yi mata fassara, tunda yarinyar ta yi Faransanci a jami'a. Tun a filin jirgi Mama ta ga yadda Dipita ya karɓi jakata ba tare da na miƙa masa ba, ta tsuke baki. Washegari shi kuma, cikin son ya faranta mata, ya kawo mata shayi a ƙaton kofi, da madara da sukari, jakar ganyen tana lilo a gefe, ya miƙa mata da hannu ɗaya saboda ɗayan yana riƙe da tawul.

Mama ta dubi kofin, ta dube ni. Cikin yarenmu ta ce ta ga dai wannan ne wanda na ba ludayin ubana. Ta ce ba baƙinsa ne damuwarta ba, ba kuma don ma'aikacina ba ne, amma ita ba za ta ba da 'yarta ga mutumin da bai san yadda ake miƙa wa babba shayi ba, ko da shi kaɗai ya rage a duniya.

Dipita ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce ta gode. Yuzhen da ke gefe ta rufe baki da hannu tana ƙunshe dariya, ni kuma tun ranar na fara jin haushin dariyarta.

Ba a yi wata ba Mama ta samo wanda ya iya miƙa shayi. Cai Junhao, ɗan masu babban shagon tayil na unguwar Bonaberi, ɗan garinmu ne, mahaifiyarsa da Mama ƙauyukansu kogi ne kawai ya raba su. Ba ni da abin da zan ce a kansa. Yana da kunya, yana da hankali, in ya zo cin abinci sai ya tattare ƙasusuwansa waje ɗaya don kada ya wahalar da masu kwashewa. Na sha neman laifinsa ban samu ba, abin da ya ƙara sa na tsane shi ke nan.

Wata uku ina faɗa da Mama a kan Dipita. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta kwana biyu ba ta ci agwagwar da ya dafa ba, ta kunna turare a gaban hoton Baba tana kai masa ƙarata da murya mai ƙarfi don in ji. Ban girgiza ba. Abin da Mama ta kasa yi a wata uku, kafar ƙofar sito ta yi shi a daƙiƙa uku.

Daga ranar Talatar nan idona ya buɗe, ko in ce ya rufe. Na lura duk ƙarfe uku Dipita ba ya zaman da ya saba yi da ni a bayan kicin, inda muke raba faranti ɗaya na ndole, miyar ganye, da matar yayansa take aiko masa. Sai ya ce zai duba kaya a sito. Bayan minti biyar Yuzhen ta sauko da 'yar jakarta ta ce za ta sha iska. Iska a sito, cikin albasa. Na lura rigarsa tana ƙamshin man shafawarta mai sanyi. Na lura da filasta a babban yatsansa da na tsakiya, hannun dama, yau a cire gobe a sake liƙawa. Na ji shi a bakin murhu yana maimaita wasu kalmomi na yarenmu a hankali, yana karya su yana gyarawa. Shekara takwas yana tare da ni bai roƙe ni in koya masa komai ba ban da sunayen kayan miya.

Ranar Alhamis da safe na tare shi a gaban tukunya, kafin sauran su iso.

Na tambaye shi me ya samu yatsunsa. Ya ɓoye hannun a bayansa ya ce ƙuna ce ta aiki. Na ce shekara takwas ina kallonsa yana juya kifi a cikin mai da hannu bai taɓa ƙonewa ba, sai yanzu da likita ta zo gidan?

Ya dube ni, murmushi yana neman kuɓuce masa.

"Lanfen, kishi kike yi?"

"Ni? Da wa? Da yarinyar da na goya?"

"To me ya kawo maganar likita?"

"Na gan ku, Dipita. A kan buhuna, a cikin sitona, a lokacin aikina."

Murmushin ya ɗauke. Ya dubi tururin romon, kamar yana auna abin da zai faɗa. Da a ce ya yi fushi, da ya yi rantsuwa, da ya ce ƙarya idona ya yi, wataƙila da na huce. Amma sai ya ce in ba shi zuwa Lahadi kawai. Ya ce ranar Lahadi zan ji komai, a gaban Mama, a gaban kowa, ba a ɓoye ba.

A gaban Mama. Wace magana ce namiji yake tanadi ya faɗa a gaban babbar dangi, wadda zai kasa faɗa mini ni kaɗai? Mama ce madadin uwar Yuzhen a garin nan. In neman Yuzhen zai yi, gaban Mama zai je.

Hawaye suka zubo mini, na ji haushin kaina da suka zubo. Na ce masa wata uku ina cin zagi saboda shi. Na ce na bar uwata tana kwana da yunwa saboda shi. Na ce na san na tsufa, na san hannuna ya yi kaushi, na san ina warin tafarnuwa, amma da wannan warin aka gina rufin da yake fakewa a ƙarƙashinsa yana riƙe hannun wata.

"Ba ni na riƙe nata ba," in ji shi a hankali. "Ita ta riƙe nawa."

"Au, har ka san wa ya fara."

"Lanfen, kwana uku ne. Kin jira romo shekara goma sha ɗaya yana nuna, ba za ki jira ni kwana uku ba?"

Na miƙa hannu na zare ludayin daga hannunsa. Bai riƙe ba, ya sake mini shi. Na ce daga yau ni zan riƙa duba tukunyar da kaina, shi ya koma kan kifi da shinkafa. Ya kalli hannunsa da ya zama fanko, ya kalle ni, ya ɗauki wuƙarsa ya tafi can ƙarshen kicin. Ranar duk wanda ya ci soyayyar shinkafa ya yaba, ni kuma romona ya yi gishiri.

Yuzhen ma ban ƙyale ta ba. Na same ta a ɗaki tana taje kai, na tambaye ta me take yi a sito kullum. Ta dube ni ta madubi ta ce, "Yaya, sirri ne. Na yi alkawari." Sai ta ƙara da cewa Dipita yana da saurin koyo, hannunsa yana da taushi fiye da yadda mutum zai zata, kuma ita ba ta taɓa ganin namiji mai haƙuri irinsa ba. Ta faɗa tana murmushi, tana jira in yi dariya. Na ce ta tattara jakarta daga kan gadona. Ta ce, "Yaya, wallahi in kika ji sai kin ji kunya." Na ce akwai wadda ya kamata ta ji kunya a gidan nan, amma ba ni ba ce.

Ranar Lahadi bikin cikar wata ne na 'yan ƙasarmu, ba ma buɗewa sai yamma. Mama ta gayyaci Goggo Cai, mahaifiyar Junhao, da ɗan nata cin abincin rana a ɗakin sama, inda muke sauke manyan baƙi. Tun Asabar ta kira ni ta zaunar da ni a bakin gado. Ba ta yi faɗa ba wannan karon. Ta kama hannuna tana shafa tabon, ta ce ita ta tsufa, ba ta son ta koma gida ta bar ni ni kaɗai da tukunya a ƙasar mutane. Ta ce Goggo Cai za ta zo da warwaron zinariyar da uwar mijinta ta sa mata. Ba wanda zai tambaye ni komai. In na ga dama in haɗa shayi bayan abinci in miƙa mata, in ban ga dama ba in bar finjalan a kife, kowa ya ci wainar wata ya tafi gidansa da mutuncinsa.

Na san abin da take nufi, tun ina yarinya na sani. A danginmu ba a tambayar mace da baki. Ta durƙusa ta miƙa wa uwar namiji finjali da hannu biyu, uwar ta sha ta sa mata warwaro, magana ta ƙare. Shi ma namiji haka yake yi wa uwar mace. Shayin da aka sha ba a mayar da shi cikin buta, kuma ban taɓa jin gidan da suka warware bayan an sha ba tare da an daina gaisawa har jikoki ba.

Na ce wa Mama finjalan za su kwana a kife. Har a lokacin haka nake nufi.

Lahadi ta zo da hasken rana, abin da ba a cika samu ba a watan. Aka jera agwagwa da kifin da aka turara da jatan lande daga kasuwar kifi ta Youpwe. Junhao ya zauna kusa da uwarsa yana zuba wa kowa kafin kansa. Goggo Cai mace ce mai dariya, ta ɗauki cinyar agwagwa da tsinkayen ci ta ce rabonta da wannan ɗanɗanon tun tana amarya, ta ce duk gidan da ya samu mai wannan hannun ya gama sa'a. Mama ta yi kamar ba ta ji ba. Kujerar Yuzhen kuwa babu kowa. Ta ci loma biyu ta ce za ta ɗauko abu a ƙasa, ba ta dawo ba.

Na tashi da sunan zan buɗe taga.

Tagar tana kallon tsakar gidan baya, inda muke shanya tawul. Dipita yana tsaye a can cikin farar riga mai dogon hannu da ban taɓa ganinta ba, an goge ta har tana ɗaukar ido. Ya yi aski. Yuzhen tana gabansa ta ɗaga dunduniya tana gyara masa wuyan rigar. Ta gama ta ja da baya ta ƙare masa kallo, ta faɗi wani abu, ya maimaita, ta tafa hannu tana tsalle. Sannan ta kama hannun nasa na dama ta ɓare filastar da kanta, ta duba yatsun, ta hura su sau ɗaya.

Shekara takwas bai taɓa sa farar riga saboda ni ba.

Ban san lokacin da na dawo tebur ba. Abin da na sani shi ne, na ce a raina ba zan zauna a kujerar nan kamar gunki ya shigo ya nemi ƙanwata a gaban idona, a gaban baƙi, a cikin ginin da na gina ba. In dai za a bar wani a ɗakin nan yau, ni zan riga bari.

Na jawo tiren shayin gabana na buɗe finjalan.

Hirar ta tsaya. Mama ta ajiye tsinkayenta. Junhao ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

Rabona da haɗa shayi irin na gida tun kafin in bar ƙauye. A Akwa wa ke da lokacin wannan? Na zuba ganye a 'yar butar, na zuba tafasasshen ruwa na zubar da na farko. Finjalai uku ne kamar kullum, ko mutum nawa ne a tebur. Na cika su da ruwan zafi, na ɗauki ɗaya na kwantar da shi cikin ɗan'uwansa ina murza shi da yatsu yadda Baba yake yi don ya ɗumama. Hannuna ya manta. Ruwan ya ci babban yatsana da na tsakiya, na cije leɓe ban saki ba. Zafin ma daɗi ya yi mini, don ya fi wanda ke ƙirjina sauƙi. Na zagaya da butar a kan finjalan, ɗaya ya fito baƙi, ɗaya fari-fari, ban damu ba.

Na ɗauki na tsakiya da hannu biyu, na zagaya teburin, na durƙusa a gaban Goggo Cai.

"Goggo, ga shayi."

Mama ta kira sunana sau ɗaya, a hankali, irin kiran da take yi mini in na matsa kusa da rijiya ina ƙarama. Ita da ta shirya komai, ita ce ta kira. Ban waiwaya ba.

Goggo Cai ta karɓa idonta ya ciko. Ta shanye a kurɓi uku, ta juya finjalin ta nuna wa Mama cikinsa. Ta zare warwaron daga jan ƙyalle, ta kama hannuna na dama ta tura shi. Ya ɗan tsaya a ƙashin hannu, ta matsa ya wuce. Tana riƙe da hannun sai ta ga yatsuna sun yi jajir har sun fara tasowa.

Ta yi dariya cikin hawaye ta ce kai, 'yata ta daɗe ba ta haɗa shayi ba. Ta nuna wa ɗanta ta ce ya duba, babban yatsa da na tsakiya, nan dai yake cin kowa. Ta ce Junhao ma da yana koyo wata guda ya yi da filasta a wuraren nan biyu.

Na dubi yatsuna. Babban yatsa da na tsakiya, hannun dama.

Ni 'yar Shantou ce. A gidan da na tashi babu yaron da bai yi wannan ƙunar ba, ni ma na yi ta ina da shekara tara. Kwana biyar ina kallonta a hannun Dipita, na tsaya a gabansa na tambaye shi ita, na yi masa gori da ita, amma ban gan ta ba. Abin da na gani kawai bakin da yake hura ta.

Har yanzu ina durƙushe. A lokacin ne aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Yuzhen ce ta buɗe, fuskarta cike da dariyar nan tata, ta matsa gefe. Dipita ya shigo da tire a hannu biyu, yana tafiya a hankali, idonsa a kan finjalan don kada su zube. Bai ga kowa ba. Bai gan ni a ƙasa ta ɗaya gefen teburin ba. Ya ajiye tiren a ƙaramin teburin da ke kusa da Mama, ya zuba ruwa, ya murza finjalan ɗaya cikin ɗaya, suna ƙara siririya kamar yadda suke yi a hannun Baba. Ya zagaya da butar sau uku, ya ɗiga sauran ɗigo-ɗigo a kowanne. Da ya gama, finjalai uku launi ɗaya, ba wanda ya fi wani ko da kaɗan.

Ya ɗauki ɗaya da hannu biyu. Mutumin da tsawonsa yake taɓa saman ƙofar kicin ya sauka a kan gwiwoyinsa biyu a gaban tsohuwar da ba ta kai ƙirjinsa ba, ya ɗaga finjalin sama da kansa. Cikin yarenmu, kalma-kalma, ba wadda ta karye, ya ce:

"Mama, ga shayi. Ina roƙon Lanfen."

Na ji Yuzhen ta ja numfashi, na san ta hango ni, ta hango hannuna. Dariyar ta bar fuskarta, ta jingina da ƙofa ta ce, "Yaya, me kika yi?"

Mama ta sunkuya ta kalli finjalan biyu da suka rage a tire, ta daɗe tana kallonsu. Ta matso da fuskarta kusa da wanda ke hannunsa ta shaƙi tururin. Ta tambayi Yuzhen wa ya gaya masa abin da ta faɗa ranar ƙaton kofi. Yuzhen ta ce ita ce, tun a ranar, kuma tun a ranar yake koyo, wata huɗu ke nan, a sito, don kada Yaya ta hana shi saboda tausayi.

Mama ta ɗaga hannu. Na gani da idona, yatsunta sun kai har gefen finjalin. Sai ta dubi Goggo Cai, ta dubi finjalin da aka riga aka shanye a gabanta, ta mayar da hannun kan cinyarta ta danne shi da ɗayan.

Ta umarci Yuzhen ta gaya masa cewa tun da mijinta ya rasu ba a haɗa mata shayi irin wannan ba. Ta ce ta gaya masa da ya shigo kafin a kwashe kifi, da ta sha.

Yuzhen ba ta fassara ba, kuka ya hana ta. Ba a ma buƙata. Dipita ya ɗago kai a karon farko, ya bi idon Mama da nasa har ya iso kaina, a durƙushe a gaban wata uwar, hannuna a cikin nata, zinariya tana walƙiya a wuyan hannuna. Yuzhen ta koya masa komai, har da ma'anar warwaro.

Na kama warwaron da hannun hagu na ja, ya tsaya a ƙashin nan ya ƙi wucewa.

Har yanzu hannayensa suna sama. Finjalin siriri ne, shayin tafasasshe, na san yadda yake cin yatsun da ba su gama warkewa ba, don nawa ma suna ci. Bai sauke ba, ba a koya masa yadda ake saukewa in ba a karɓa ba. Ya dube ni, ba fushi a idonsa, da fushin ne ma da na fi so.

"Madam," ya ce, "ina zan ajiye?"